Maganin Ruwa Na Yara: Abin Da Ke Cikin Kwalba, Da Abin Da Zafin Mubi Ke Yi Masa

MUBI, Jihar Adamawa — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke katan-katan na magani a Mubi cikin watan Maris ko Afrilu ya san cewa kwalaben da ke ciki sukan iso da ɗumi kamar daga bakin murhu aka ɗauko su. Kaya ne da suka taso daga Legas ko Anacha ko Kano, suka yi kwanaki a bayan mota, suka biyo ta Yola da Song da Gombi da Hong, kafin su iso wannan gari na kasuwanci da ke gindin duwatsun Mandara, daf da iyakar Kamaru. Daga cikin kayan da suka fi saurin fita a kantunan kemis na garin akwai maganin ruwa na zazzaɓi da raɗaɗi na yara, musamman farasitamol da ibufurofen, wanda jama'a suka fi sani da sunan Brufen. Masu saye ba mutanen Mubi kaɗai ba ne. Har da na ƙauyukan Maiha da Michika, da kuma fatake masu tsallakowa daga Kamaru ta Sahuda.

Abin da yawancin masu sarin wannan kaya ba su cika lura da shi ba shi ne, ainihin maganin da ke cikin kwalbar ɗan kaɗan ne. Kwalbar ibufurofen ta yara mai mililita 100, wadda aka rubuta wa miligiram 100 a kowace mililita 5, giram 2 kacal na magani take ɗauke da shi, wato daidai da ƙwaya goma masu miligiram 200. Sauran abin da ke ciki ruwa ne da kayan zaƙi da kayan kauri da abin hana ruɓewa. Amma fa a cikin wannan "saura" ɗin ne ingancin kwalbar yake, a cikinsa ne bambancin farashi tsakanin kamfani da kamfani yake ɓoye, kuma a cikinsa ne aka sha samun gubar da ta hallaka yara a ƙasar nan.

Shi dai ibufurofen, a ɗakin binciken kamfanin Boots da ke birnin Nottingham na Ingila aka gano shi, ƙarƙashin jagorancin Dokta Stewart Adams. An nemi rajistar mallakarsa a 1961, aka fara sayar da shi a Ingila a 1969 domin masu ciwon gaɓɓai, sa'an nan a 1983 aka halatta sayensa ba tare da takardar likita ba. Aikinsa uku ne: yana rage kumburi, yana kwantar da raɗaɗi, yana kuma saukar da zazzaɓi. Kasuwarsa ta buɗe a wajen yara ne bayan da aka gane cewa asfirin yana da alaƙa da wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaro, wadda ake kira da sunan likitan Ostareliya da ya bayyana ta a 1963, Douglas Reye. Ingila ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 asfirin a 1986, daga baya a 2002 ta ɗaga shekarun zuwa 16. A arewacin Nijeriya akwai ƙarin dalilin buƙatarsa, wato cutar sikila. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, kuma ibufurofen na daga cikin abin da likitoci kan rubuta idan ciwon ƙashi ya tashi.

Matsalar ita ce yaro ɗan shekara biyu ba ya iya haɗiye ƙwaya, shi kuma ibufurofen ba ya narkewa a ruwa. Abin da lita guda ta ruwa za ta iya narkarwa bai kai rabin abin da yaro mai nauyin kilo 10 yake buƙata a sha ɗaya ba. Don haka maganin ruwa iri biyu ne, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bambance su. Akwai wanda maganin ya narke a cikinsa sarai kamar sukari a shayi, kowane cokali daidai yake da ɗan'uwansa. Akwai kuma wanda garin magani ne aka rataya a cikin ruwa mai kauri ba tare da ya narke ba, kamar yadda gari yake a cikin kunu. Wannan na biyun shi ne wanda ake rubuta wa umurnin a girgiza kafin a sha, kuma ibufurofen na yara a cikinsa yake.

Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san abin da ke faruwa idan aka bar gari a cikin ruwa ya kwana. Garin yakan kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama, idan kuma aka daɗe sai abin da ya kwanta ya daskare, har sai an sa hannu an ɓamɓare shi. Wannan ita ce babbar abokiyar gabar masu harhaɗa maganin girgizawa. Tun a 1851 wani masanin lissafi na Jami'ar Cambridge, George Stokes, ya fitar da ƙa'idar yadda ƙwayar gari take nutsewa a cikin ruwa, kuma har yau da ita masana'antu suke aiki. A taƙaice, abubuwa uku ne ke yanke saurin kwanciyar: girman ƙwayar garin, da bambancin nauyi tsakaninta da ruwan, da kaurin ruwan. Girman ƙwayar ya fi sauran tasiri, domin idan aka rage faɗinta da rabi, saurin nutsewarta yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Shi ya sa kamfanoni ke sayen garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, wanda ya fi tsada.

Sai dai laushi kaɗai ba ya wadatarwa, har ma yakan jawo wata matsalar. Gari mai laushi sosai yana jinkirin kwanciya, amma in ya kwanta sai ƙwayoyin su cushe cikin juna su zama kamar daɓe, ta yadda girgizar duniya ba za ta tashe su ba. Dabarar ƙwararru ita ce su sa ƙwayoyin su riƙa haɗuwa cikin 'yan dunƙule masu sako-sako, waɗanda ko sun kwanta, girgiza biyu ko uku ta isa ta mayar da su. Muhimmancin wannan ga lafiyar yaro a fili yake. Idan magani ya daskare a gindin kwalba, cokulan farko ruwan zaƙi ne kawai, uwa ta ga zazzaɓi bai sauka ba ta ce maganin jabu ne. Cokulan ƙarshe kuwa sukan zo da ninkin abin da ya kamata. Ƙa'idar littafin magunguna na Amurka, wadda masana'antu da yawa suke bi, ita ce abin da ke cikin kwalba kada ya gaza kashi 90 cikin 100 na abin da aka rubuta, kada kuma ya zarce kashi 110.

Domin riƙe garin a sama, ana ƙara wa ruwan kauri. Abin da aka fi amfani da shi a yau shi ne wani danƙo mai suna zantan, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta da ake ciyarwa da sukari a manyan tukwanen masana'anta. Ƙasa da rabin giram a cikin mililita 100 ya isa. Halinsa ya yi kama da na miyar yauƙi: idan kwalba na ajiye sai ya yi kauri ya riƙe garin, da zarar an girgiza sai ya saki ya tsiyayu, in an ajiye ya koma yadda yake.

A nan ne ɗan kasuwar arewa maso gabas zai tambaya, ina labarin ƙaro? Tambaya ce da ta dace, domin ƙaron da ake tsinta a jikin dakwara a jihohin Borno da Yobe da Jigawa yana cikin tsofaffin kayan da masu harhaɗa magani suka yi amfani da su wajen riƙe gari a ruwa, kuma har yau sunansa na cikin littattafan magunguna na Ingila da Amurka. Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya tana da reshe a Gashuwa domin nazarin ƙaro. Haka kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya girgiza kasuwar ƙaro ta duniya, ganin cewa Sudan ce kan gaba wajen samar da shi. Amma gaskiyar magana ita ce ƙaro ba shi da kaurin zantan, sai an zuba ninkin-ba-ninkin kafin ya yi aiki, kuma ƙwayoyin cuta suna son sa. Ɗanyen ƙaron buhu yana zuwa da ɓawo da ƙasa da wasu sinadaran halitta masu ɓata magani, sai an narkar da shi, an tace, an dafa, an busar ya zama gari kafin masana'antar magani ta karɓa. Galibin wannan aiki a Turai ake yin sa, musamman a Faransa. Ribar ba a wajen tsinta take ba, a wajen tacewa take, kuma nan ne jarin 'yan kasuwar yankin bai kai ba tukuna.

Bayan kauri sai ɗanɗano. Ibufurofen yana da ɗaci da wani raɗaɗi a maƙogwaro, kuma abin da harshe yake ji shi ne ɗan abin da ya narke. Don haka ana sa ruwan ya yi ɗan tsami, wajen lamba 4 a ma'aunin tsami, domin a nan ne maganin ya fi ƙin narkewa. Wannan tsami yana da wani amfanin, tunda sodiyam benzowet, wanda aka fi sa wa domin hana ruɓewa, ba ya aiki sosai sai a ruwa mai tsami. Sukari kuwa, idan ya kai kashi biyu bisa uku na nauyin ruwan, shi da kansa yana hana ƙwayoyin cuta rayuwa, kamar dai zuma. Amma da zarar an tsinka shi da ruwa sai ya koma abincinsu. Wannan ne dalilin da ya sa mai kantin da ya ƙara ruwa a kwalba domin ta yi auki ba rage ƙarfin magani kawai ya yi ba, ya buɗe wa tsami da kumfa ƙofa ne. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsaki yayin buɗewa, ko take warin tsami, ta tashi daga aiki.

Sauran kayan haɗin su ne gilisarin da sobitol da furofilin gilaikol, ruwaye masu kauri da zaƙi waɗanda ake jiƙa gari da su ko a narkar da wasu magunguna a ciki. A kan waɗannan ne tarihin ƙasar nan yake da tabo. Idan ba a manta ba, a 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun rubuta rahoton yara 47 da suka rasu a wurinsu tsakanin watan Yuni da Satumba na shekarar, bayan ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya nuna an haɗa maganin ne da dayatilin gilaikol, wani sinadarin masana'antu da ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya inji, wanda aka sayar a matsayin furofilin gilaikol. Shi ma ruwa ne garau, mai kauri, mai zaƙi, ba shi da wari, kuma ya fi araha. Ido da harshe ba sa bambance su. Wannan annoba na cikin dalilan da suka sa Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, da Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993. Ita ma Amurka irin wannan masifa ce ta haifar da dokarta ta 1938, bayan mutane fiye da 100 sun mutu a 1937 saboda wannan sinadari.

Abin takaici, darasin bai zauna ba. A ƙarshen 2008 an fara ganin yara masu ciwon ƙoda a asibitocin Zariya da Legas da Ibadan, aka gano maganin haƙori ne mai suna My Pikin na kamfanin Barewa da ke Legas. Yara 84 suka rasu. A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 yara kimanin 70 suka rasu a Gambiya saboda maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, a Indonesiya kuma fiye da 200 a shekarar. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wasu gangunan furofilin gilaikol na jabu da aka kama a Pakistan, ɗauke da tambarin wani sanannen kamfani. Iyakar abin da ƙa'ida ta yarda a samu na wannan guba a cikin kayan haɗi shi ne kashi ɗaya cikin 1,000, kuma ba a iya tabbatar da hakan sai da na'urar gwaji mai tsada. Ma'anar wannan ga mai niyyar kafa ƙaramar masana'antar maganin ruwa ita ce, takardar da ta biyo ganga ba hujja ba ce. Kowace ganga sai an gwada ta, kuma kuɗin gwajin na cikin jari tun ranar farko.

To, duk wannan bayani kan abin da masana'anta ke yi ne. Akwai kuma haɗin hannu, wanda masanin harhaɗa magunguna yake yi a ɗakin magani na asibiti domin yaro ɗaya, bisa takardar likita. Ƙa'idar sana'ar ita ce ba a haɗa abin da ake samu a kasuwa da rajista; saboda haka babu dalilin niƙa ƙwayar ibufurofen alhali ga kwalbarsa a kanta. Buƙatar takan taso ne a kan magungunan kumburi da ba a cika samun na ruwansu a nan ba, kamar nafuroksen da ake bai wa yara masu ciwon gaɓɓai, ko firedinisolon. Kuma ba kowace ƙwaya ake niƙawa ba. Dikulofenak, alal misali, yawanci yana zuwa da rufi na musamman domin kada ya narke sai ya wuce ciki, wani kuma an yi shi ne ya riƙa sakin magani a hankali tsawon yini. Niƙa irin waɗannan yana rushe dabarar da aka gina su a kai, ya zuba wa yaro maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Aikin da kansa ba shi da wuyar bayani, sai dai yana buƙatar natsuwa. A ce ana son mililita 100 na nafuroksen mai miligiram 125 a kowace mililita 5. Wannan miligiram 2,500 ke nan, wato ƙwaya goma masu miligiram 250. Za a niƙa su a ƙaramin turmin tangaran har su yi laushi, a ɗiga gilisarin kaɗan a murza har garin ya jiƙa ya zama kamar ƙullu. Wannan matakin ne masu gaggawa suke tsallakewa, sai garin ya yi gudaji yana yawo a saman ruwa. Daga nan a riƙa ƙara ruwan haɗi kaɗan-kaɗan ana damawa, a juye a kwalba mai duhu wadda aka riga aka yi wa alamar mililita 100, a ɗauraye turmin da sauran ruwan haɗin a juye a ciki domin kada magani ya rage a jikinsa, sa'an nan a cika zuwa alamar. A ƙarshe a manna takarda mai ɗauke da sunan magani da ƙarfinsa, da ranar haɗi, da ranar zubarwa, da umurnin girgizawa. Akwai ruwan haɗi na kanti da ake shigowa da su, irin su Ora-Plus da Ora-Sweet da SyrSpend, waɗanda an gwada wasu magunguna a cikinsu aka ga suna kaiwa kwana 90. Amma da kuɗin waje ake sayen su, kuma sakamakon gwajin wani magani ba ya hawa kan wani.

Idan babu irin wannan gwaji, wa'adin haɗin hannu gajere ne. Ƙa'idar Amurka da aka sabunta a watan Nuwamba na 2023 ta ba maganin ruwa da ba a sa wa abin hana ruɓewa ba kwana 14 a cikin firiji, wanda aka sa wa kuma kwana 35. Kalmar firiji ɗin nan ita ce matsalar. A watan Afrilu na 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin lantarki tsakanin Jos da Gombe, jihohin arewa maso gabas, har da Adamawa, sun yi makonni cikin duhu a tsakiyar bazara. Ko ba wannan ba, iyali nawa ne a ƙauyukan da ke kewayen Mubi suke da firiji mai aiki dare da rana? Saboda haka masanin da ya san aikinsa yakan haɗa kaɗan ne, na mako ɗaya ko biyu, ya ce a dawo, ko da hakan ya ƙara wa iyaye kuɗin mota.

Na masana'anta ya fi juriya, amma shi ma yana da iyaka. Kafin a rubuta wa kwalba shekara biyu ko uku, ana ajiye samfurinta a ɗaki mai zafin digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100, wanda shi ne mizanin ƙasashe masu zafi da damshi irin Nijeriya, a kuma ajiye wani a digiri 40 na wata shida domin a ga yadda zai yi. Shi ya sa ake rubuta wa kwali a ajiye a ƙasa da digiri 30. A Mubi kuwa, zafin inuwa kan doshi digiri 40 a bazara, balle cikin shago mai rufin kwano ba silin, ko bayan mota a ƙarƙashin tamfol. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar magani. Zafi yana kuma tsinka ruwan, garin ya yi saurin kwanciya. Mafi ɓarna shi ne sauyin zafi da sanyi, irin na hunturu, inda rana take ƙuna dare kuma ya yi sanyi: da rana ƙananan ƙwayoyin garin sukan ɗan narke, da dare abin da ya narke ya manne wa manyan, a hankali garin ya zama tsaki-tsaki kamar yashi. Ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi, kuma wanda ya jibge kaya a rana ya riga ya karya sharaɗin. Katakon ɗora kaya daga ƙasa, da silin, da tagar iska, da nisantar da kwalabe daga bangon da rana take duka, da fitar da tsohon kaya kafin sabo, duk ba su kai asarar katan ɗaya ba. Gwajin da kowane mai kanti zai iya yi kuwa shi ne ya kifa kwalba ya girgiza: idan akwai abin da ya maƙale a gindi ya ƙi tashi, ba ta sayarwa ba ce.

Ta fuskar doka, iyakar a fili take. Lasisin masu kemis, wanda Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya take bayarwa a ƙarƙashin dokarta ta 2022 da ta maye gurbin Dokar Soja mai lamba 91 ta 1992, ya ba su damar sayar da wasu magunguna ne da aka lissafa, a cikin kwalinsu na asali. Bai ba su damar niƙa ƙwaya su dama, ko su raba kwalba ɗaya gida biyu ba. Haɗi aikin wanda ya karanci fannin ne a jami'a, kamar ta Maiduguri ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ya kuma yi rajista. Kazalika duk kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC, ko da kuwa da kyakkyawan rubutun Faransanci ta shigo ta kan iyaka, haramtacciya ce a kasuwar Nijeriya. Su ma wuraren sari sun sauya: a farkon 2024 hukumomi sun rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano domin tilasta wa 'yan kasuwa komawa cibiyar sari ta Dangwauro, a watan Fabrairu na 2025 kuma NAFDAC ta kai samame ta rufe kasuwannin magani na Anacha da Aba da Idumota a Legas na wani lokaci. Rasit mai ɗauke da lambar rukunin kaya shi ne abin da zai fitar da mai kanti ranar da aka ce a janye wani magani.

Ba za a yi wa 'yan kasuwa adalci ba idan ba a ambaci matsin da suke ciki ba. Mafi yawan garin magani da kayan haɗi daga Indiya da Sin ake shigo da su. Bayan da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a watan Fabrairu na 2024, kamfanin GSK kuma ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a ƙasar. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umurnin ɗage haraji daga kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu. A irin wannan yanayi, hanya mafi sauƙi ga kamfani marar tsoron Allah ita ce ya rage abin da ba a gani: gari mai kaushi maimakon mai laushi, danƙo kaɗan, gilisarin daga dillalin da ba a sani ba. Kwalbar da farashinta ya yi ƙasa da na sauran da nisa, akwai abin da aka cire mata.

Saura abin da ke faruwa a bakin kanta, inda mai kemis yake zama likitan farko ga iyalai da yawa. Ana auna ibufurofen da nauyin yaro ne, miligiram 5 zuwa 10 a kowane kilo, bayan awa shida zuwa takwas. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha mililita 2.5 zuwa 5. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, don haka ƙaramin kofin awo ko sirinji marar allura ya kamata ya bi kowace kwalba. Ba a bai wa jariri ɗan ƙasa da wata uku, ba a so ga mai ƙarambau, kuma yakan tayar wa wasu masu asma ciwonsu. Yaron da ke gudawa da amai har jikinsa ya bushe, wannan magani na iya taɓa masa ƙoda, abin da ya kamata a tuna a garin da ya ga ɓarkewar kwalara a watan Mayu na 2018. Haka nan saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. Idan na cizon sauro ne, gwaji da maganinsa daban suke.

Dangane da inda kasuwar ta dosa kuwa, tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magungunan yara na farko, daga bisani kuma ƙwararrunta suka karkata ga ƙwayar da ake jefawa a ɗan ruwa ko nonon uwa ta watse nan take. Irin wannan ba ta buƙatar firiji ko gilisarin, ba ta da nauyin kwalba da ruwa da za a biya wa kuɗin mota na tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma ba ta fashewa a ramukan hanya. Tuni maganin zazzaɓin cizon sauro na yara da amoksisilin da zink suka shigo a wannan siffa. A 2023 kamfanin Swipha da ke Legas ya sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ƙwayar zink ta yara mai watsewa a ruwa, karo na farko da wani kamfani a Afirka ta Yamma ya kai wannan matsayi. Ibufurofen na yara dai har yanzu a kwalba ya fi zuwa kantunan Mubi, kuma motocin da ke kawo shi sukan iso ne da tsakar rana.